Sanyaya birkin mota a filin tsere: daga man birki zuwa tiyon iska

A Ingila, Jamus, Afirka ta Kudu da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, akwai ranakun da filayen tsere ke buɗe ƙofa ga masu motocin gida. Ka biya kuɗi, ka sa hular kwano, ka shiga da motar da kake zuwa aiki da ita, ka yi gudu iya son ranka ba tare da ana gasa ba. Ana yin haka a Silverstone da Brands Hatch, a Spa-Francorchamps ta ƙasar Beljiyam, a Zwartkops kusa da Pretoria, da Yas Marina ta Abu Dabi. Injin motar zamani yakan jure irin wannan rana. Birki ne ke fara sallamawa, wani lokaci tun kafin a gama zagaye na biyar.

Dalilin yana cikin lissafi. Aikin birki shi ne ya mayar da gudu zafi. Ɗauki Volkswagen Golf GTI ƙirar Mk7, wadda ta fito a 2013; da ita zan riƙa kafa misali, domin tana cikin motocin da aka fi gani a irin waɗannan ranaku a Turai. Da direba da mai a tanki, nauyinta yana kai wajen kilo 1,400. Idan ta taho da gudun kilomita 200 a awa ka rage ta zuwa 80 don shan kwana, ƙarfin da ka kashe ya kai kusan megajul 1.8, wato zafin da zai tafasa ruwa kusan lita 6, kuma duk cikin daƙiƙa 4 ko makamancin haka. Ƙafafun gaba ne ke ɗaukar wajen kashi 70 cikin 100 na wannan nauyi. Faifan birki, wato ƙarfen da ke juyawa tare da taya, mai kilo 8 zai iya ƙara zafin sama da digiri 150 a ma'aunin Salshiyos daga taku ɗaya tak. A kan titi sai ka yi minti goma ba ka sake irin wannan taku ba. A fili kuwa wata kwanar tana jiranka bayan daƙiƙa ashirin, faifan bai huce ba an ƙara masa. Kuma idan gudu ya ninka sau biyu, zafin ninkawa yake sau huɗu, shi ya sa wanda ya ƙara wa injinsa ƙarfi ko ya sa tayoyi masu kama ƙasa sosai yake ganin birkin da ya ishe shi bara ya kasa bana.

Mutane da yawa da zarar sun sha wannan tsoro sai su ruga sayen manyan kalifa, wato ƙarfen da ke matse faifan birki, masu jan fenti, ko su ɗauko zarto su huda bamba don iska ta shiga. Ni ina ganin wannan gaggawa ce. Akwai jerin da ya kamata a bi, kuma matakan farko su ne mafi araha.

Mataki na farko: gane wace irin gazawa ce

Ƙafarka ce za ta gaya maka. Idan feda tana nan da tauri kamar kullum amma motar ta ƙi rage gudu, kana ƙara dannawa tana ƙara wucewa, ga wari mai ɗaci yana shigowa, to fad ne, wato takalmin birki da kalifa ke matsawa a jikin faifai, ya wuce zafin da aka yi shi domin sa. Ƙaron da ke riƙe da sinadaran fad ɗin ya fara ƙonewa, ya daina kama faifai yadda ya kamata. Direbobin manyan motoci da ke gangara Hawan Kibo a hanyar Jos zuwa Akwanga sun san wannan wari, kuma abin da ke faruwa da su dangin wannan ne, sai dai su nauyin kaya ne da tsawon gangare ke jawo musu.

Idan kuma feda ta yi laushi, ta yi tsawo, ko ta nutse har ƙasa, sai ka yi ta bugawa kafin ta kama, to man birki ne ya tafasa a cikin kalifa. Ruwa ba ya matsuwa, amma tururi yana matsuwa, don haka ƙarfin ƙafarka yana ƙarewa ne wajen matse kumfa. Wannan ya fi haɗari, domin fad yakan ba da gargaɗi a hankali, tafasar mai kuwa tana iya zuwa a taku ɗaya. Duk wanda ya ji haka ya ɗaga ƙafa daga totur, ya rage giya, ya fita daga fili a wannan zagayen. Ko da fedar ta dawo bayan motar ta huce, man ya riga ya lalace, sai an zuƙe an sake.

Akwai na uku, karkarwar sitiyari idan an taka birki. Galibi a ce faifai ya lanƙwashe, amma sau da yawa abin da ya faru shi ne fad ya bar dabbare-dabbaren jikinsa a kan faifan, wani wuri da kauri wani wuri babu. Idan ka haska fitila za ka iya ganin zanen siffar fad ɗin kwance a fuskar faifai.

Mataki na biyu: auna zafin

A nan ne mafi yawa ke tsallakewa, kuma a nan ne kuɗi ke zurarewa. Kayan awon ba su da tsada idan aka kwatanta da kowane gyara da zai biyo baya.

Na farko fenti ne mai sauya launi. Wanda kamfanin AP Racing ke sayarwa kala uku ne: kore yana komawa fari a digiri 430, ruwan lemo yana sauyawa a 560, ja yana komawa fari a 610. Ka cire taya, ka wanke gefen faifan na waje da maganin wanke birki, ka bar shi ya bushe, sannan ka ja layi uku da ɗan buroshi a kan kaurin faifan, inda ramukan iska suke fitowa. Kada fentin ya taɓa fuskar da fad ke gogawa. Bayan zango ɗaya na minti goma sha biyar ko ashirin, ka leƙa. Idan kore ya sauya, ruwan lemo ya fara sauyawa, ja yana nan, faifanka yana aiki a inda ake so, tsakanin digiri 400 da 600. Idan jan ya yi fari fat, kana buƙatar ƙarin iska. Idan ko koren bai motsa ba amma birki yana gazawa, matsalarka tana wajen fad ko mai, kuma tiyo ba zai warkar da ita ba.

Na biyu sitika ce da ake mannawa a jikin kalifa, mai ƙananan akwatuna da ke yin baƙi ɗaya bayan ɗaya, daga wajen digiri 150 zuwa 260, kuma ba sa komawa. Manna ta kusa da inda fistin yake. Kalifar da ke haura digiri 200 tana dafa robobinta da man da ke cikinta.

Na'urar auna zafi daga nesa, irin ta masana'antu, tana da amfani amma da iyaka. Kafin ka gama zagayen hucewa ka shigo wurin ajiye motoci, faifan ya zubar da zafi mai yawa, kuma ƙarfe mai sheƙi yana ruɗa ta ta karanta ƙasa da gaskiya. Inda take da daraja shi ne gwada hagu da dama. Idan gefe ɗaya ya fi ɗaya zafi nesa ba kusa ba, duba ko fistin ko ƙusoshin da kalifa ke zamewa a kai sun cije. Ka rubuta komai a littafi: filin, zafin rana, irin fad, yawan zagaye.

Mataki na uku: mai da fad

Waɗannan biyun ba sa sanyaya komai. Abin da suke yi shi ne su ɗaga iyakar zafin da birki zai jure, kuma ga direban da ke fara shiga fili, sau da yawa a nan maganar ke ƙarewa.

Ƙa'idar DOT, wato ta ma'aikatar sufuri ta Amurka, ta gindaya mafi ƙarancin zafin tafasar man birki. DOT 3 digiri 205 yana sabo, 140 idan ya sha ruwa. DOT 4 digiri 230 da 155. DOT 5.1 digiri 260 da 180. Lamba ta biyu ita ce abin kallo, domin man birki yana zuƙar laima daga iska tun ranar da aka buɗe gwangwani, kuma ana auna ta ne a lokacin da ruwa ya kai kusan kashi 3.7 cikin 100. Man da ya shekara biyu a mota ya fi kusa da lamba ta biyu. Na fili sun wuce waɗannan da nisa: ATE Typ 200 yana da 280 da 198, Motul RBF 600 ya haura 300 yana sabo, Castrol SRF kuma yana riƙe wajen 270 ko bayan ya sha ruwa, abin da ya sa ake biyan tsadarsa. Ka kiyayi DOT 5 zalla, ba 5.1 ba, na silikon ne, ba ya haɗuwa da sauran kuma ba a so a motar da ke da ABS, wato na'urar da ke hana taya cijewa idan an taka birki.

Lita ɗaya takan isa a wanke layin gaba ɗaya. Bi jerin ƙafafun da littafin motar ya faɗa, kada ka bar tankin ya ƙafe iska ta shiga, kuma ka goge duk ɗigon da ya taɓa jikin mota nan take domin yana cin fenti. A Golf mai giyar hannu, kuloci da birki tanki ɗaya suke sha, sai a haɗa da shi. Bayan kowace rana mai zafi a fili, ka fitar da ɗan mai daga kowace kalifar gaba har sai mai tsabta ya fito, domin wanda ke cikin kalifa shi ne ya fi dahuwa.

Fad na titi an yi shi ne ya kama da sanyin safiya, ba ƙara, ba ƙura da yawa. Na fili an yi shi ya kama da zafi. Akwai na tsakiya irin Ferodo DS2500 da ake iya zuwa fili da shi a koma gida da shi, akwai na tsere zalla irin Pagid RSL29 ko Hawk DTC-60, masu kuka a titi, wasu kuma suna cin faifai idan ba su ɗau zafi ba. Zaɓi bisa abin da fentinka ya nuna. Kaurin fad ma kariya ne, domin naman fad ɗin shi ke tare zafi kada ya isa fistin. Wanda ya ci rabi ya rage rabin kariyarsa kuma yana ƙarewa da sauri fiye da rabin farko. Kada ka fara rana da ƙasa da rabi.

Sabon fad sai an zaunar da shi. Idan kamfanin bai ba da nasa tsarin ba, abin da aka saba shi ne taku 8 zuwa 10 masu ƙarfi daga kilomita 100 zuwa wajen 20, ba tare da tsayawa cak ba, sannan tafiyar minti goma ba taɓa birki. A yi wannan a wurin da babu mutane da motoci.

Mataki na huɗu: ƙafar direba

Wannan kyauta ne. Sabon shiga yakan fara taka birki da wuri, a hankali, ya ja shi mita ɗari biyu. Zafin da aka samar kusan ɗaya ne da na wanda ya taka da ƙarfi a mita ɗari, amma na farko ya ba zafin lokacin ratsa fad zuwa mai, kuma ya rage wa faifan lokacin shan iska. Taka da ƙarfi, a taƙaice, ka saki.

Na'urorin motar ma suna taka birki ba da saninka ba. Mai hana sulɓi tana matse ƙafa ɗaya-ɗaya idan mota ta fara zamewa, kuma tsarin XDS na GTI yana matse ƙafar gaba ta ciki a kwana don hana ta juyawa a banza. Direban da ke tura mota fiye da abin da taya za ta ɗauka yana sa su aiki a kowace kwana. Ba na ba sabon direba shawarar kashe su. Shawarata ya gyara tuƙinsa har fitilarsu ta daina ƙiftawa.

Kowane zango ya ƙare da zagaye ɗaya cikakke a hankali. A ɗan gajeren fili irin Brands Hatch Indy, wanda bai kai kilomita 2 ba, zagaye biyu ya fi. Da ka tsaya, ɗauke ƙafa daga feda kuma kada ka ja birkin hannu. Bar motar a giya, ka sa katako a taya. Golf Mk7 da aka sayar a Turai birkin hannunta na lantarki ne, kuma idan Auto Hold, wato tsarin da ke riƙe birki idan mota ta tsaya, yana kunne zai iya kama kansa da ka kashe inji, don haka kashe shi tun da safe. Bayan minti ɗaya ko biyu ka ɗan tura motar kaɗan, don wurin da ke ɓoye cikin kalifa shi ma ya samu iska. Ruwa kuwa kada ya kusanci faifai mai zafi, tsagewa zai yi. Manyan motocin da ke gasar tsere ta Turai suna fesa wa birkinsu ruwa, amma tsari ne da aka ƙera musamman, yana fesawa kaɗan-kaɗan cikin faifan tun kafin ya yi ja.

Mataki na biyar: buɗe wa iska hanya ba tare da yanka bamba ba

Kafin komai, fahimci yadda faifai ke shan iska. Faifan gaba fuska biyu ne da haƙarƙari a tsakani. Idan yana juyawa, haƙarƙarin suna zuƙo iska daga tsakiya, ta bayan faifan kusa da boris, su watsa ta waje ta gefe. Faifan kansa fanka ne. Duk aikin sanyayawa ya taru ne a kan abu ɗaya: kai iska mai sanyi bakin wannan tsakiya.

Wasu faifan haƙarƙarinsu miƙaƙƙu ne, ana sa su kowane gefe. Wasu lanƙwasassu ne, sun fi jan iska, amma akwai na hagu akwai na dama. Idan ka dubi saman faifan a jikin mota, bakin haƙarƙarin na waje ya karkata zuwa bayan mota. Tsagar da ke kan fuska ba ita ke nuna gefe ba, na ciki ake dubawa. Wanda aka sa a gefen da ba nasa ba yana zafi fiye da ɗan'uwansa kuma yana mutuwa da wuri. Faifai mai huji-huji yana da kyau a ido, amma a fili tsagewa takan fara ne daga bakin hujin. Mai santsi ko mai tsaga ya fi ƙarko.

Bayan faifai akwai siririn farantin ƙarfe mai tare ƙura da ruwa, kuma yana tare iska. Ana iya rage shi ko cire shi, amma yana kuma kare robar boljoyin, kan tayirod da wayar sensar ABS daga zafin faifan. Na fi son a yanke ɓangaren da ya rufe tsakiya, a bar wanda ke gaban robobin, ko a naɗe su da kyalle mai jure wuta.

Sai fukafukan roba da ake ɗaurawa a lowa am, wato hannun ƙasa da ke riƙe ƙafar mota, su kamfato iskar da ke bi ta ƙarƙashin mota su karkata ta zuwa birki. Porsche tana sa su a 911 GT3, kuma masu Toyota GT86 da Subaru BRZ sukan ari na Porsche ɗin su ɗaura. Masu Golf Mk7 suna amfani da na Audi RS3, domin ƙashin motocin ɗaya ne. Aikin rabin awa ne, kuɗin kaɗan ne, kuma ga motar da ke kan iyaka, wadda jan fentin faifanta ya fara dusashewa kawai, yakan wadatar. Wili mai buɗaɗɗun ƙafafu shi ma yana taimaka wa iska mai zafi ta fice.

Sake shafa fenti, koma fili. Idan jan ya sake yin fari, lokacin tiyo ya yi.

Mataki na shida: tiyon iska

Abu uku ne: baki a gaba, tiyo a tsakiya, faranti a bayan faifai. Idan ɗaya ya lalace, sauran biyun aikin banza ne.

Bakin ya zauna inda iska ke dukan mota kai tsaye, a fuskar bamba. Ramin fitilar hazo shi ne wurin da aka fi amfani da shi. Gwargwadon matsowa tsakiyar mota, gwargwadon ƙarfin iskar. Can ƙurya inda bamba ya lanƙwasa, iska wucewa take yi ta gefe, kaɗan ke shiga. Leƙa bayan ragar tukuna, domin wasu motocin suna da ƙaramin lagireto a wurin, kuma bai kamata ka sanyaya birki ka dafa giya ko inji ba. Akwai bakin nan mai siffar da hukumar binciken jiragen sama ta Amurka, NACA, ta ƙirƙira a shekarun 1940, wanda ake nutsawa a shimfiɗaɗɗen jiki. Ana iya sa shi a farantin ƙarƙashin inji idan gaba babu wuri, amma ba ya tura iska cikin dogon tiyo da ƙarfin bakin da ke fuskantar gaba. Sa raga mai manyan idanu don tare duwatsu da dunƙulen robar taya. Raga mai ƙananan idanu tana cinye iskar da ka sha wahalar nema.

Girman tiyo ya fi muhimmanci fiye da yadda ido ke nunawa. Mai milimita 51 faɗin bakinsa santimita murabba'i 20 ne, mai 63 yana da 31, mai 76 yana da 45. Wato na inci 3 ya ninka na inci 2 fiye da sau biyu. Sa mafi girman da zai shiga, kuma a motar da ke ja da gaba irin Golf, inda shaf ya cinye wuri, sau da yawa 63 ne iyaka. Baƙin tiyo na niyofirin yana jure wajen digiri 150, ya isa daga bamba zuwa tsakiya. Kusa da faifai sai na silikon, mai ruwan lemo, wanda ke jure sama da 250. Idan ka yanke shi, lanƙwasa bakin wayar da ke cikinsa, in ba haka ba za ta warware ta huda shi. Kowace kwana da ka ƙara wa tiyo tana rage iska, don haka nemi hanya mafi gajarta kuma mafi miƙewa, kuma hagu da dama su zama iri ɗaya.

Farantin shi ne zuciyar aikin, kuma a nan ne aikin gida ya fi ɓaci. Mutum ya ɗaure tiyo a jikin shokozoba, bakinsa yana hura fuskar faifan ta ciki, ya ce ya gama. Abin da ya yi shi ne ya sanyaya fuska ɗaya ya bar ɗaya da zafi. Ƙarfen yana buɗewa ba daidai ba, faifan ya karkace, fad na ciki da na waje su ci daban, tsagewa ta zo da wuri. Farantin da ya dace yana ɗaure ne a mazaunin tsohon farantin ƙura, yana rufe zagayen tsakiyar faifan, da bututu da aka yi wa walda yana kallon bakin haƙarƙari. Ratar da ke tsakaninsa da faifan ta zama milimita 2 zuwa 3: ta isa kada su gogu idan ƙarfe ya buɗe da zafi, kuma ba ta kai iska ta tsere ba. Ana sayar da shiryayyu ga motoci da yawa. Idan babu na motarka, yanka kwali ka gwada har ya zauna, sannan ka kai wa mai walda ya fitar da shi da alminiyum ko ƙarfe maras tsatsa. Idan bututun zagaye bai samu wuri tsakanin boris da faifai ba, a matse bakinsa ya zama kamar ƙwai, muddin faɗinsa bai ragu ba.

Yanzu gwaji, kuma kada ka yi masa rowar lokaci. Motar tana kan jak da taya a jiki, juya sitiyari har ƙarshe hagu, har ƙarshe dama, kana kallon tiyon. Sannan ka sa wani jak ƙarƙashin lowa am ka ɗaga ƙafar kamar mota ta nutse a kwana, ka sake juyawa. Tiyon kada ya miƙe tsam, kada ya naɗe, kada ya taɓa taya, shaf, tiyon man birki ko wayar sensa. Bar masa ɗan sassauci a inda ƙafa ke juyawa. Bakin biyu a ɗaure da kilif na ƙarfe, tsakiya da igiyar roba mai zargewa, nesa da zafi. Daga nan ka ɗauko injin hura iska ka kafa a bakin bamba, ka sa tafin hannu a gefen faifan. Ya kamata ka ji iskar tana fitowa daga ramukan haƙarƙari. Idan a bayan farantin kake jin ta, ratar ta yi yawa. Bayan zangon farko a fili, cire taya ka nemi wurin da tiyon ya yi sheƙi ko ya goge, nan ne yake taɓa wani abu.

Ƙafafun baya da wuya su buƙaci tiyo a motar da injinta ke gaba.

Ƙananan ƙari, da babban gyara

Siraran farantan titaniyom, masu kaurin rabin milimita zuwa ɗaya, ana sa su tsakanin fad da fistin. Titaniyom ba ya wuce da zafi kamar ƙarfe, don haka suna kare mai da robobi. Amma zafin da suka tare yana komawa fad da faifai ne, saboda haka suna da amfani ne idan sitikar kalifa ce ke ƙorafi alhali fentin faifai yana lafiya. Tiyon man birki mai saƙar waya yana ƙara wa feda tauri, ba ya rage zafi ko digiri ɗaya.

Idan duk an yi wannan jan fentin bai daina fari ba, faifan ya yi wa motar kaɗan. GTI ta yau da kullum tana da faifai mai faɗin milimita 312 da kauri 25, mai kunshin Performance tana da 340 da 30, kuma wannan bambanci na nauyin ƙarfe da faɗin ramin iska shi ne abin da ake saye. Yawan fistin a kalifa ba ya sanyaya faifai. Kafin ka sayi babban saiti na Brembo, AP Racing ko Alcon, tabbatar zai shiga wilinka, kuma an lissafa shi don motarka yadda rabon birkin gaba da baya ba zai rikice ba.

Iska ma tana yin yawa

Fad na tsere yana son zafi. Idan tiyo ya yi ƙarfi, a doguwar miƙe irin ta Kemmel a Spa faifan zai huce sosai, sannan a buga masa zafi a taku ɗaya, kuma wannan hawa da sauka shi ke tsaga ƙarfe. Ranar sanyi ko ruwan sama, ko idan koren fenti ya ƙi sauyawa, rufe rabin bakin da salatif mai ƙarfi, daidai wa daida hagu da dama. A titi ma a rufe shi gaba ɗaya, don kada ruwa da yashi su riƙa zuba kan boris. Akasin haka, filin da ke kan tudu yana buƙatar ƙarin buɗewa. Kyalami da Zwartkops suna yankin da ya kai wajen mita 1,400 zuwa 1,500 sama da teku, iskar can ba ta da kauri, tana ɗaukar zafi kaɗan. Saitin da ya isa a Ingila a watan Maris ba zai isa a can ba, balle a Yas Marina da rana.

Da yamma, bayan motar ta huce, cire tayoyin gaba. Ƙananan tsage-tsage kamar gashi a tsakiyar fuskar faifai abu ne da aka saba gani. Wadda farce ke maƙalewa a cikinta, ko wadda ta kai bakin faifan na ciki ko na waje, ta gama da wannan faifai, a canza shi tare da na ɗaya gefen. Auna kaurinsa ka gwada da lambar da aka buga a jikinsa. Duba ko fad ya ci gefe ɗaya fiye da ɗaya, ko robar ƙurar fistin ta ƙone ta farfashe. Kama cibiyar ka juya, ka saurari boris, domin zafin da ya dafa kalifa yana narkar da giris ɗinsa ma. Sannan ka zazzage tiyon, ka rubuta launin fenti da lambar sitika a littafinka, ka shafa sabon fenti kafin fita ta gaba.